Ranar Da Walƙiya Ta Ajiye Farar Riga

Akwai wata ma'aikaciyar jinya da abokan aikinta suke kira Walƙiya, saboda saurin hannunta. Jijiyar da ta gagari kowa, da ta kama hannun mara lafiya ta ɗan shafa, sai ka ga allura ta shige, mai hannun bai ko yamutsa fuska ba.

Sai dai saurin bai tsaya a hannu ba, har zuciya ya kai. Tun tana ƙarama Ummanta take cewa, "Ke dai kamar an zuba miki garwashi a kan kujera." Ba ta iya jiran ruwa ya tafasa, ba ta iya jiran mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

A ɗakin mata marasa lafiya take aiki. Gadaje jere a hagu da dama, fanka ɗaya tana kuka a sama, warin maganin goge ƙasa ya kama har gyalenta. Ta wuni a tsaye, ta koma gida ƙafafu sun kumbura, bayanta kamar an daka. Ga 'yan jinya, wannan ya gode maka, wancan ya zage ka a kan abin da ba laifinka ba.

Maganar gaskiya, gajiyarta ba ta ƙarya ba ce.

Wata rana a lokacin hutu tana latsa waya, ta ci karo da matan da suke aiki daga gida. Aikin shi ne ka zama mataimakin wani ta intanet: ka amsa masa saƙonni, ka tsara masa lokutan ganawa, ka tuna masa abin da ya manta, alhali ko inuwarsa ba ka taɓa gani ba. Daga ranar zuciyarta ta bar asibiti, gangar jiki kawai take kaiwa.

Ta sayi tsohuwar kwamfuta, ta duƙufa koyo. Ba a daɗe ba wani mai sayar da kujeru da gadaje a wata ƙasa ya ɗauke ta ta riƙa amsa wa masu sayen kayansa.

Washegari ta shiga ofishin shugabar ɗakinsu, wata dattijuwa da kowa yake kira Babbar Sista.

"Mama, ni fa tafiya zan yi. Na sami abin da ya fi wannan."

Babbar Sista ta cire tabarau ta dube ta. "Allah ya sa alheri, 'yata. Ba zan riƙe ki ba, kowa da inda abincinsa yake. Abu ɗaya nake roƙo: ki ɗan jira a turo mana wadda za ta maye gurbinki. Kin ga hannu ya yi mana kaɗan, ga Doguwa da tsohon ciki."

Doguwa ita ce abokiyar aikinta, kuma ƙawarta tun makarantar koyon jinya. Tare suke cin abinci a kwano ɗaya a bayan ƙofar ɗakin magani.

Walƙiya ta ce to, amma to ɗin a leɓe ya tsaya.

Kwanaki kaɗan bayan haka, da rana tsaka, ɗaki ya cika maƙil. Ɗan wata mara lafiya ya taso mata da faɗa, wai an bar mahaifiyarsa ruwan da ake ƙara mata ya ƙare. Ya nuna ta da yatsa ya ce, "Ku dai ba ku san darajar mutane ba!"

Walƙiya ta juya. Ta wuce ɗakin sauya kaya, ta tuɓe farar rigar ta rataye a ƙusa, ta ajiye makullin akwatin magani a kan tebur, ta saɓi jakarta.

Doguwa ta biyo ta baranda, tasar wanke ciwo a hannu, tana tafiya da ƙyar.

"Walƙiya! Ina za ki? Ko bayanin gadajenki ba za ki ba ni ba? Wa kika yi wa allura, wa ya rage?"

"Ki duba fayil," ta ce, ko waiwaye babu. "Ni na gama da wahala. Mai son bauta ya zauna."

Da ta isa gida ta ba Umma labari tana dariya. Umma ba ta yi dariya ba.

"Auta, ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Barin aiki ba laifi ba ne, amma ko baƙo idan zai tafi yakan yi sallama."

"Umma, zamani ya canja."

"Zamani ya canja, mutane ba su canja ba."

Makonnin farko sun yi daɗi. Ta kafa tebur a gindin taga, ga kofin shayi, ga kwamfuta, babu mai yi mata tsawa. Har ta ɗauki hoto ta ɗora a shafinta, ta rubuta a ƙasa: "Wasu na can suna zubar da fon marasa lafiya, mu muna nan muna shan iska." Mutane suka yi ta danna alamar dariya. Ba ta tsaya tunanin su wa za su gani ba.

Sannu a hankali iskar ta fara canjawa. Saƙo ba shi da lokaci, yana iya shigowa tana wanka, yana iya shigowa loma tana hannu. In wuta ta ɗauke, ta kwashi kwamfuta ta ruga shagon mai aski na bakin layi neman caji. In intanet ya tsaya, ta riƙa zagaya tsakar gida da waya a sama kamar mai neman tsuntsu.

Duk da haka tana ƙoƙari, kuma ta iya aikin. Sai wata safiya ta buɗe kwamfuta ta tarar da gajeren saƙo daga mai kujeru: kasuwa ta ƙi, ya rufe kanti, ya gode.

Shi ke nan. Ba wanda za ta je ofishinsa ta roƙa, ba fuskar da za ta duba.

Nan zaman neman aiki ya fara. Ta tura nan, ta tura can. Wasu su yi shiru, wasu su kira ta hira sannan su yi shiru. Ta ja tebur daga taga zuwa bango, gobe ta mayar da shi taga. Ta share ɗakin da ta riga ta share. Ko waya ba ta yi ƙara ba sai ta ji kamar ta yi, ta zabura ta duba.

Umma tana tsintar wake a tabarma ta ce, "Ki zauna mana, kina sa ni jiri."

"Umma, in na zauna zuciyata ce take tashi tsaye."

Ana haka sai ga dama ta samu. Wata likita mai ƙaramin asibitin tsofaffi a wata ƙasa tana neman mataimakiya wadda ta san harkar jinya, wadda za ta riƙa kiran marasa lafiya tana tuna musu magani da ranar ganin likita. Kamar don Walƙiya aka yanka rigar.

Suka yi hira ta bidiyo. Duk tambayar da likitar ta jefo, kafin ta sauka Walƙiya ta cafe. Likitar ta yi murmushi ta ce, "Kin burge ni. Saura abu ɗaya. Ina so in yi magana da wadda ta shugabance ki a asibitin da kika bari."

Walƙiya ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta ce babu damuwa, amma da aka kashe kiran ta daɗe tana kallon allon kwamfuta.

Ta yi tunanin ta ba da lambar wata ta yi ƙarya. Da ta faɗa wa Umma, Umma ta ce, "Kada ki soma. Ki wanke ƙafa ki je." Dole uwar na ƙi, ta shirya ta tafi.

Warin maganin goge ƙasa ne ya fara tarbar ta. Tsofaffin abokan aiki suka amsa gaisuwarta a taƙaice, kowa ya ci gaba da abin da yake yi. Aka ce ta jira Babbar Sista tana zagayen gadaje. Ta zauna a bencin 'yan jinya, ta tashi, ta sake zama. Ta leƙa ɗakin ta ga baƙuwar fuska a gadajen da suke nata a da. Ta nemi Doguwa da ido ba ta gan ta ba.

Da Babbar Sista ta fito, ta shigar da ita ofis, ta saurare ta har ƙarshe. Walƙiya ta yi ta kwana-kwana kafin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Na ji," in ji dattijuwar. "Kin tambayi ƙawarki kuwa?"

"Na duba ban gan ta ba."

"Ba za ki gan ta ba. Bayan tafiyarki ita ta haɗa gadajenki da nata, safe da yamma, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a barandar nan. Haihuwa ta zo mata lokaci bai yi ba. Jaririn ya daɗe a kwalbar rainon bakwaini, mun cire rai, Allah ya raya shi. Tana kwance a gadon nan na ƙarshe aka nuna mata hoton shayinki."

Walƙiya ta sunkuyar da kai.

"Ban ce ke kika jawo ba, Allah kaɗai ya san wannan. Amma ba ki taɓa kira kin ji ya muka kwana ba. Ba ni lambar likitar. A gabanki zan yi magana, ba na cin naman mutum a bayan idonsa."

Ta kira, ta buɗe muryar waya yadda kowa zai ji. Bayan gaisuwa ta ce, "Likita, a shekarun da na yi ina wannan aiki ban ga hannu irin na yarinyar nan ba. Tana da kai, ba ta da son jiki, ba ta taɓa ɗaukar abin wani ba."

Likitar ta ce, "Madalla. Ya rabuwarku ta kasance?"

Babbar Sista ta dubi Walƙiya, sannan ta ce, "Ta tafi ana tsakiyar aiki, ba ta miƙa wa kowa marasa lafiyarta ba."



"Na gode da kika gaya min gaskiya," in ji likitar. "Mutanena tsofaffi ne, da yawansu su kaɗai suke zaune a gida. Idan mai tuna musu magani ta ɓace wata rana, ba ni da wanda zai tsaya musu. Ki ba ta haƙuri, ba zan iya ba."

Aka kashe waya. Hawaye suka zubo wa Walƙiya.

"Mama, da kin rufa min asiri."

"Da na rufa miki, na tona na wata tsohuwa da ban sani ba. Ki yi kukanki, 'yata, ba zan hana ki ba. In kin gama, kin san gidan da ya kamata ki je."

Daga asibiti ba ta koma gida ba. Ta tsaya a ƙofar gidan Doguwa ta yi sallama. A wannan karon ba ta zo neman komai ba, don babu sauran abin nema.

Doguwa tana zaune a bakin gado, ta rame, jaririn yana kwance a ƙirjinta, ɗan mitsitsi, yatsunsa kamar tsinken ashana. Ta ɗago ta ga mai shigowa, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma kore ta ba.

Walƙiya ta durƙusa. "'Yar uwa, ban zo da hujja ba. Na bar ki da kaya a lokacin da ko naki ba kya iya ɗauka, na kuma yi miki dariya a bainar jama'a. Ki yafe min."

Doguwa ta daɗe tana shafa bayan ɗanta.

"Kin san abin da ya fi ci min rai? Ba tafiyarki ba ce. Ni ma na gaji, da na sami hanya da na bi. Da kin ce min, ƙawata, ga abin da nake shiryawa, wallahi da ni zan fara taya ki murna. Amma kika wuce ni a baranda kamar ba mu taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba."

"Haka ne."

"Na yafe. Ba don kukanki ba, kada ki ɗauka ya yi aiki. Na gaji ne da ɗaukar ki a zuciya, ga ɗa ina ɗauka. Tashi ki ɗora min ruwan zafi, tun safe nake son yin wanka babu mai riƙe min shi."

Walƙiya ta share fuska ta nufi madafa.

Aikin likitar kuwa, wata aka ba. Walƙiya ta ƙara shan zaman jira mai tsawo kafin ta sami wani, wurin wata mai makarantar koyar da ɗinki, ƙarami ne bai kai wancan ba. Har yau daga gida take aiki, ba ta koma asibiti ba, kuma ba wanda ya ce sai ta koma. Zumuncinta da Doguwa ya dawo, amma a hankali, kamar ciwon da yake warkewa daga ciki.

Darasi: Canja sana'a ba laifi ba ne, neman sauƙi ma ba abin kunya ba ne. Amma yadda ka fita daga wuri yana bin ka zuwa inda za ka. Ka yi sallama, ka miƙa amanar da take hannunka, kada ka raina waɗanda ka bari a cikin ranar da ka fito daga cikinta. Ƙwarewa takan kai mutum bakin ƙofa, hali ne yake buɗe ta. Idan ka san wani da yake shirin ajiye aiki cikin fushi, tura masa wannan kafin ya cire rigar.