Shaidar Kaska

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta.

Fari ya koro Balbela baƙuwar ƙasa, ga yunwa. Ta je wurin Bijimi neman aikin cire kaska.

Ya ce, "Wa ya san ki? Kawo mai tsaya miki."

Ta ruga wurin Hankaka, ya ce sai ya ga aikinta. Ta garzaya wurin Kunkuru, ya ce ta dawo baɗi.

Ta komo: "Ranka ya daɗe, ban samu kowa ba."

Sai wata tsohuwar kaska 'yar ƙasarsu ta leƙo daga kunnen Bijimi. "Wayyo! Ita ta cinye danginmu kaf! Kada ka ɗauke ta!"

Bijimi ya ce, "Shaida ta isa. Hau ki fara da ita."

Ƙurunƙus kan kaska! Mai musu ya tambayi Bijimi.