Mu'azzam Dogo da Gajerunsa Huɗu

"A sa masa mutum biyu."

"Biyu, Koci? Wancan satin biyu 'yan Sule Tankarkar suka sa masa, ya bi ta kansu kamar kujeru."

"To, uku."

Koci Badaru ne, na ƙungiyar ƙwallon kwando ta Maigatari, yake musu da kyaftin ɗinsa Dalhatu ana gobe wasa. Ku ji a kan wa ake yi.

Akwai wani Mu'azzam a Gumel, ɗan wasan tsakiya, wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar masallaci. In ya tsaya ƙarƙashin kwando, ƙwallo tasa ce. Amma shekara biyu bai riƙe sunan abokin wasa ko ɗaya ba. Kowa "Gajere" ne, da muryar nan tasa kamar daga cikin randa.

Shi kaɗai yake cin abinci. Shi kaɗai yake atisaye bayan an watse. A mota ma gaba yake zama, wai saboda ƙafafu.

Wannan wasan kuwa, wani mai neman 'yan wasa zai zo daga Kano takanas dominsa. In ya burge shi, ya shiga ƙungiyar ƙwararru.

Dalhatu ya ce in uku suka tare mutum ɗaya, 'yan Gumel biyu za su tsaya ba mai tsaronsu. Badaru ya ce su tsaya ɗin, a kai musu shayi ma, Mu'azzam ba zai ba su ƙwallo ba.

Haka aka yi. Ɗaya a gabansa, ɗaya a bayansa, na uku yana jiran ya sauke ƙwallo ya fizge. Abokin wasansa Nasrullahi ya yi ta ɗaga hannu a kusurwa har ya gaji ya sauke.

Saura daƙiƙa biyar, Maigatari na gaba da ci ɗaya, Mu'azzam ya rasa hanya. Karo na farko a rayuwarsa ya jefa wa wani, yana kiran "Gajere!"

Abokan wasansa su huɗun suka kalli juna. Ƙwallo ta bi ta tsakaninsu ta fita waje.

Baƙon Kano ya rufe littafinsa ya tafi ba sallama.

Suka kama hanyar komawa Gumel a mota. Can Nasrullahi ya tambayi Mu'azzam a hankali ko ya san sunan mutum ɗaya a cikinsu.

Mu'azzam yana kallon gonaki ya ce, "Ni dai ban hana kowa yin tsawo ba."

Darasi: Wanda ka raina har ba ka riƙe sunansa ba, ranar da aka yi maka taron dangi ba zai san da shi kake ba. Ku tura wa dogayen gidanku, gajerun ma su gani.