Kujerar da Aka Ba Gara Riƙo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare.

Dabbobi suka zaɓi Zomo shugaban tafki. Dila ya ce an yi maguɗi, ya kai ƙara gun Hawainiya mai shari'a.

Hawainiya ta ce, "Kafin hukunci, a ba wani riƙon kujerar."

Zomo ya ce, "A ba Gara, ita ba ruwanta da siyasa."

Damina uku Hawainiya tana hanyar kotu. Da ta iso, ta ce Zomo ya ci.

Zomo ya sha babbar riga, ya zauna a kujerar katakon, sai ga shi a ƙasa, rim!

"Gara, ina kujerata?"

Gara ta yi gyatsa. "Ranka ya daɗe, na adana ta inda Dila ba zai taɓa kai hannu ba."

Ƙurunƙus kan ɓera! In ƙarya ce, ku tambayi Gizo.