Fentin da Ba Ya Fita

An yi wani Ciyaman na ƙaramar hukuma, Alhaji Haladu, fetur ya zuba a jikin motarsa ya cinye fentin. Sai ya aika aka kira Mamuda mai feshin mota.

"Ka fesa mata launin jam'iyyarmu," in ji Ciyaman. "Amma fentin da ba abin da zai fitar da shi, ko fetur, ko tina mai narkar da fenti, ko rana, har abada. In ka kasa, gobe a rushe rumfarka."

Mamuda ya san irin wannan fenti babu shi a duniya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai shi. Sai dai a sa hannu a takarda, gaban shaidu."

"Takardar me?"

"Cewa ba za a dawo min ba. Shekaran bara shuɗi na fesa wa motar nan. Bara da aka sauya jam'iyya, na kankare na sa ruwan ɗorawa. Wannan kuwa in ya hau, ko ni ban isa in cire shi ba. Ga zaɓe saura wata biyar."

Ciyaman ya dubi motar, ya dubi fadawansa, kowa ya sunkuyar da kai.

"To, wanda yake kankaruwa fa?"

"Mai kyau ne. In na bi shi da ruwan ƙyalli shafi biyu, fetur ba zai ci shi ba. Takardar goge fenti kaɗai ke iya masa."

Ciyaman ya yi gyaran murya. "Sa wannan. Mutum bai san abin da Allah zai yi gobe ba."

Rumfar Mamuda tana nan. An ce bana ma motar ta dawo.