Babur Ɗin da Ya Fito da Malam Ilu

Akwai wani marini a Ƙofar Mata, cikin birnin Kano, ana ce masa Isiyaku. Mutum ne mai sanyin hali, hannayensa kullum baƙi ƙirin da shuni. Har ya haura shekara arba'in bai taɓa riƙe kan babur ba. Ko keke ma, sai ya ga hanya fayau yake hawa. Ku riƙe wannan, jama'a, domin shi ya sa labarinsa yake burge ni.

Mahaifinsa Malam Ilu shi ya koya masa rini. A zamaninsa Malam Ilu ɗan gaye ne na gaske. Yana da wani jan babur Honda da ya saya tun Isiyaku na ƙarami, kuma duk unguwar an san ƙararsa. Da girma ya zo, babur ɗin ya lalace, aka jingine shi a soro, aka manta da shi.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Malam Ilu. Hannu da ƙafar hagu suka daina aiki, baki ya ɗan karkace. Allah Ya sa ciwon ya yi sauƙi, amma tsoho ya ƙi fita ko ƙofar gida. Kunya yake ji a gan shi ana ciccibarsa kamar kaya. Ga shi gidan can cikin lungu yake, inda mota ba ta shiga.

Abokansa na karofi, wato wurin rini, su zo dubiya, sai ya sa a ce musu yana barci. Abinci ya koma sai ya taɓa ya ture. Kullum ramewa yake. Likita ya gaya wa Isiyaku gaskiya, ya ce idan tsohon nan bai fita ya ga mutane ba, zaman ɗaki zai ƙarasa abin da ciwo ya fara.

Isiyaku ya durƙusa gabansa ya roƙe shi ya bari a kira ɗan acaɓa ya kai shi karofi ko sau ɗaya. Malam Ilu ya kawar da kai ya ce, "Yaran nan masu gudu kamar an koro su? In dai ba a kan nawa ba, ba inda za ni."

Kowa a gidan ya san ya faɗi haka ne don a rufe maganar. Babur ɗin da yake nufi tayoyinsa sun tsattsage, ɓeraye sun cinye sirdin, kaza har ƙwai take yi a ƙarƙashinsa. Amma Isiyaku bai yi musu ba. Cewa kawai ya yi, "To, Baba."

Washegari ya tura gawar babur ɗin zuwa garejin Mamman, wani bakanike da suka yi ƙuruciya tare. Mamman ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wannan ai sai 'yan gwangwan. Ya ba shi shawara wai tunda siyasa ta dawo, ya je ya dinga liƙa hotuna yana "sai ka yi", ƙila a jefo masa sabo fil. Isiyaku ya ce Baba bai ce sabo ba, nasa ya ce.

Da Mamman ya ga mutumin nan da gaske yake, sai ya yarda. Ya kwakkwance babur ɗin, ya riƙe injin zai duba, ya zuba masa sauran kayan a buhu ya ce ya je ya wanko su tas. Bai gaya masa da me zai wanke ba, don a tunaninsa ai kowa ya sani.

To, shi marini me ya sani? A karofi, duk abin da maiƙo ya kama, ruwan toka da kanwa ake jiƙa shi a ciki. Haka Isiyaku ya haɗa mai ƙarfi a baho ya zuba kayan. Sarƙa da notuna suka fito fes, ya ji daɗi. Shi kuwa kafireto, wanda ke haɗa wa inji mai da iska, ya ga ya fi kowanne datti, sai ya ƙara masa kwanaki a ciki, yadda ake barin rijiyar shuni ta nuna.

Ranar da ya tsamo shi, ya yi baƙi, duk ya zaizaye ya huhhuje. Mamman ya jujjuya shi a hannu ya ɗora hannu a ka. Ya ce wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, kanwa cinye shi take yi, da kananzir ake wanke shi. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

Wallahi a nan da yawanmu za mu haƙura. Isiyaku ya karaɗe kasuwar Ƙofar Ruwa rumfa-rumfa, ba irin kafireton. Duk wanda ya nuna wa sai ya ce an daina yayinsa tuntuni. Labari ya bazu a unguwa, aka sa shi a gaba da tsokana, wai Isiyaku ya rina babur. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, amma bai fasa ba.

Ya ci gaba da abin da zai iya. Ya kankare tsatsar tanki da hannunsa, aka sake masa jan fenti irin na da. Ya kai sirdin wurin dukawa a Kasuwar Kurmi, ya ce su ƙara masa faɗi da laushi ta baya.

Sannan ya fara koyon tuƙi a filin Idi da babur ɗin Mamman. Ranar farko ya saki kuloci gaba ɗaya, babur ya yi tsalle ya watsar da shi. Wata rana salansa, wato bututun hayaƙin babur, ta ƙona masa ƙwauri. Da hannunsa ya ɗan faɗa, sai ya ɗaura buhun toka a bayansa, ya karkatar da shi ɓangaren hagu da gangan. Masu wucewa na dariya suna cewa ya gyara kayansa. Ba su san ta hagu mahaifinsa zai rinjaya ba. Da wannan karkataccen buhun ya dinga bin lunguna, yana koyon kwana da tsallake kwata.

Ana nan, matarsa Uwani ta je suna a Shahuci. Mata suka tayar da zancen mai rina babur, ana ta shewa. Wata tsohuwa a gefe, Hajiya Luba, ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko ɗan Ilu marini ake nufi. Da aka ce shi ne, sai ta ce wa Uwani ta turo mata shi.

Isiyaku ya je ya gaishe ta. Ta sa aka buɗe wani ɗakin shirgi, sai ga babur irin na mahaifinsa sak, lulluɓe da tsohuwar tabarma. Na marigayi mijinta ne.

Ta ce, "Ranar da maigidan nan ya yanke jiki ya faɗi a Kurmi, ubanka ne ya ɗaure shi a bayansa da rawani ya kai shi asibiti. Allah Ya ƙara masa shekaru bayan nan, har ya aurar da 'ya'yansa. Ban taɓa samun hanyar godiya ba. Cire duk abin da kake so, ɗana."

Isiyaku bai taɓa jin wannan labarin ba, don Malam Ilu ba mai faɗar alherinsa ba ne. Ya fito da kafireto a hannu, idonsa cike da ƙwalla. Ya kuma fito da dabarar da ya daɗe yana nema, ta yadda zai riƙe tsoho kada ya zame.

Mamman ya haɗa komai. Wata safiya suka turo babur ɗin har ƙofar gida, Isiyaku ya buga kik. Babur ya yi tari, ya yi hayaƙi, sannan ya ɗauka da ƙarar nan tasa ta da. Uwani ta ce tana miƙa wa Malam Ilu koko a lokacin, sai ta ga ya ajiye kofin ya kasa kunne. Can ya tambaya wa ya taɓa masa babur.

Isiyaku ya shigo ya durƙusa ya ce, "Baba, ka ce sai a kan naka. Ga shi nan a ƙofa."

Tsoho ya dube shi. Sannan ya ce, "Wa zai tuƙa? Kai da ko keke tsoronsa kake?"

Sai Isiyaku ya ɗage ƙafar wandonsa. Malam Ilu ya kalli tabon ƙunar salansa, shi da ya san irin wannan tabo sarai. Ya sunkuyar da kai, sannan ya ce wa Uwani ta ɗauko masa hularsa.

A cikin soro suka ɗora tsoho a kan babur, ba wanda ya gani. Isiyaku ya ɗaure shi a jikinsa da rawanin da ya rina da kansa, sannan aka saki babbar riga ta rufe ɗaurin. Duk wanda ya gan su a lungu, dattijo kawai ya gani a bayan ɗansa, hula a karkace yadda ya saba. Tafiya suke a hankali. Ba su yi nisa ba Isiyaku ya ji murya a kunnensa: "Canza giya mana, kana wahalar da shi."

Da suka isa karofi, marina suka saki aiki suka miƙe tsaye. Aka zaunar da shi a bakin rijiyarsa ta da. Ya leƙa, ya dubi kumfar, ya shinshina, sai ya ce toka ta yi kaɗan, wa ya haɗa wannan shirmen? Aka kwashe da dariya, wasu tsofaffin na goge ido da bakin riga. Ranar har azahar yana nan yana faɗa da kowa, kuma da aka kawo ɗanwake ya cinye nasa tas.

Da suka dawo gida, Isiyaku na kwance rawanin a soro, yana tsoron kada tsoho ya ce ya isa haka. Malam Ilu ya shafa tankin da hannunsa mai lafiya, bai ko kalli ɗan nasa ba, ya ce, "Gobe ka goge fitilar nan kafin mu fita."

Darasi: Wani lokaci idan iyayenmu suka ce ba sa so, kunya ce take magana, ba zuciyarsu ba. Ka nemo hanyar da za ka taimake su ba tare da ka zubar musu da girma ba, kuma kuskure da dariyar mutane kada su sa ka ajiye aikin. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko da sai a hannun ɗanka za a biya ka. Idan kana da tsoho a gida, leƙa shi yau, sannan ka tura wa 'yan uwa labarin nan su ma su karanta.