Na'urar Tanimu da Ta Kurumce

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, wani bawan Allah ana ce masa Tanimu. Lokacin an gama wata fitina, amma an bar nakiyoyi binne a gonaki. Damina ta zo ta wuce, manomi yana kallon gonarsa daga bakin hanya, ba halin shiga.

Tanimu yana aiki a wani ɗan kamfani mai ƙera na'urar gano ƙarfen da ke cikin ƙasa. Ku saurara, abin ba wuya. Ƙasar nan tana da nata maganaɗisu, ƙarfen da aka binne kuwa yakan ɗan karkatar da shi. A cikin na'urar akwai wata 'yar ƙwaya mai jin wannan karkatar, in ta ji sai ta yi ƙara. To ƙwayar tasu ba ta da kunne sosai, abin da ya yi zurfi ba ta jin sa.

Shekara da shekaru Tanimu yana fama. Ƙarshe ya yanko ƙarfe mai laushi falle biyu, faɗi daga waje, tsini daga ciki, ya sa ƙwayar a tsakaninsu. Kamar dai mazurari a bakin kwalba, fallayen su tattaro maganaɗisun su zuba mata. Sai ga na'ura tana jin abin da a da take wucewa a kansa. Maigidansa, Injiniya Haladu, har rungume shi ya yi, ya kira masu aikin share gonaki su zo su gani.

Ana gobe za su zo, Tanimu ya ɗora na'urar a kan lasifikar rediyo ya tafi sallar azahar. Da ya dawo ya bi da ita ta kan ƙarfen gwaji, shiru. Ya sake bi, shiru. Ashe lasifika tana da maganaɗisu mai ƙarfi a cikinta, fallayen sun sha sun riƙe, sun toshe wa ƙwayar kunne. Ya wanke su da na'urar cire maganaɗisu, tasa na'urar ta dawo daidai. Ba wanda ya gani.

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, nan ne wurin, farka.

Ya je ya gaya wa Haladu. Haladu ba mugu ba ne, mutum ne da kamfaninsa ke tangal-tangal. Ya ce, "Tanimu, ka rufa mana asiri. Bari a sa hannu a kwangilar tukuna, gyara ai namu ne."

Tanimu ya ce, "Ranka ya daɗe, in gona lafiya take, na'urar shiru take yi. In ta kurumce ma, shiru take yi. Mai riƙe da ita ta ina zai bambance?"

Haladu ya ce, "In ka buɗe baki, aikinka ya ƙare."

Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Washegari baƙi suka zo, na'ura ta yi aiki, duk abin da aka binne sai da ta tono shi. Ana ta tafi. Babbansu ya ce ko akwai sauran bayani? Tanimu ya tashi ya ɗauko rediyon nan da hannunsa, ya ɗora na'urar a kai, ya sauke, ya bi da ita ta kan ƙarfen da ta gano ɗazu. Ko ƙis ba ta yi ba. Ya ce, "Haka take. Motarku ta shela ma tana da lasifika. Kada wanda ya shiga gona da irin wannan sai ya gwada ta a kan ƙarfen da ya san inda yake."

Na san kuna jira in ce an ɗaukaka shi. Ba a yi ba. Wani kamfani aka ba aikin, Haladu ya sallami Tanimu, shi kuma ya koma gyaran rediyo a rumfar kasuwa har Allah Ya karɓi abinsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ƙuruciyarsa duk a kan fallayen nan ta ƙare. Amma masu share gonaki suka riƙe gwajin nan, kowace safiya sai sun yi shi, akasarinsu ba su ma san daga wa ya fito ba.

To jama'a, gaskiya ba ta tsaya ga barin ƙarya ba. Tanimu da ya yi shiru, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Kai da ka sayar da mota ka san birkinta yana ƙi wani lokaci, ba ka yi ƙarya ba, shiru ka yi. Kai magini da ka shafe tsagar bango da siminti, kai ma haka. Mai saye ya ji shiru, ya ɗauka lafiya ne, ya ɗebi iyalinsa ya shiga. Aibin da ka sani a cikin aikinka, faɗe shi da bakinka tun ba a tambaye ka ba, domin a kan shirunka wani zai ɗora ƙafarsa. Allah Ya ba mu ikon faɗa.