Kyanwar da fatar bayanta ke rawa

Akwai wata mai ƙuli-ƙuli a Birnin Damagaram, sunanta Wasila. Tana da farar kyanwa wadda ta hana ɓeraye sakat a ɗakin gyaɗarta.

Wata rana kyanwar na kwance, sai fatar bayanta ta fara rawa ita kaɗai. Ta zaro ido, ta kama wutsiyarta da cizo, ta zaga gidan a guje.

Alkasum, mijin Wasila, ya daka tsalle ya haye turmi. Ƙato guda, magidanci!

"Wasila, iska ce ta shige ta. Buhu zan sa ta, in kai ta bayan gari."

"Haba Malam, ka ba ni kwana goma sha huɗu."

Ta fara da abin da matan Damagaram suka fi ƙwarewa a kai. Ta cika kasko da turaren wuta, tana turara ta tana shafa mata baya. Abin sai ya ƙaru, har wutsiyar ta yi jini. Wasila ta zauna ta sha kuka.

Da safe ta naɗe ta a zane ta kai wa likitan dabbobi. Ya ce babu wata iska, fatar bayanta ce ta cika ji, shafa ma zafi take mata. Ya ba ta maganin ƙuma da na rauni, ya ce a raba ta da hayaƙi da hayaniya.

Wasila ta mai da turminta zaure, ta yi wa kyanwar shimfiɗa a ɗakin gyaɗa. In fatar ta fara rawa, sai ta ja mata zare a ƙasa har hankalinta ya koma kan wasa. Ciwon ya ragu, amma bai tafi ba.

Ranar da kwanakin suka cika, Alkasum ya shiga ɗakin gyaɗa ɗauko buhun da zai sa ta. Yana miƙa hannu, kyanwar ta riga shi, ta kai wa buhun mari. Sai ga kububuwa ta zame daga ciki, daidai inda yatsunsa za su sauka.

Subhanallahi! Har yanzu in na tuna, tsikar jikina tashi take.

Bayan an kashe macijiyar, Alkasum ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Wasila," ya ce, "buhun nan fa na zo ɗauka ne in sa kyanwar a ciki." Daga ranar bai ƙara maganar yar da ita ba.

Darasi: Ba kowane abin da ya ba ka tsoro ne iska ba, wani ciwo ne yake neman magani da haƙuri. Kada ka yar da halittar Allah don ta yi rauni. Ku tura wa duk mai dabba a gida.